Yaya mai guga da jinin da ba ya nuna komai

Yayata shekara goma sha ɗaya tana guga a ɗakin wanki na wani otal, ɗaki mara taga, tururi har rufi. Mace ce mai tsabta har ta ba ka haushi. Ko shara za ta zubar sai ta ɗaura ɗankwali mai kari.

Bara zazzaɓi ya sa ta a gaba. Ya kwantar da ita kwana huɗu, ya sake ta, bayan mako biyu ya dawo. Manajan ya ce in ba ta kawo takardar likita ba, ta nemi wani aikin.

To ga inda Yaya ta cuce mu. Ranar da take rawar ɗari ba ta zuwa asibiti. "Ni in fita a yamutse mutane su gan ni? Allah ya kiyaye!" Sai ta warware, ta yi wanka, ta shafa hoda, sannan ta je a ɗebi jini. Sau uku ana cewa ba a ga komai ba. Manaja ya fara kiranta mai ciwon ƙarya, ni ma, Allah ya yafe mini, na fara zarginta.

A zuwa na huɗu na raka ta. Mai duba jinin, wata dattijuwa, ta tambaye ta ko ƙudan tsando ya taɓa cizonta. Yaya ta ce ƙwarai, a gonar mijinta.

"Ina zargin ciwon barci," in ji matar. "Ƙwayoyin cutar nan riga suke canzawa. Jikinki ya gane rigar, ya kashe yawancinsu, ki ji sauƙi. 'Yan kaɗan su sa wata, su hayayyafa, jiki ya koma neman su daga farko. Ranar da kika ji sauƙi sun yi ƙaranci a jini. Ki zo ranar da ya kayar da ke."

Da zazzaɓin ya dawo ta kulle ƙofa. Na ɓalle sakatar, muka ɗauke ta a zanen gado, tana zagina har bakin titi. A asibiti aka ɗebi jini, aka ga ƙwayoyin suna iyo a ciki.

Kwananta uku a gadon asibiti ta miƙo mini takardar likita.

"Ƙanina, kai wa manaja. Ka ce masa Litinin zan dawo."

Na karɓa na sa a aljihu. Tun ranar Laraba wata ce ke guga a teburinta, ita kuwa ba ta sani ba.