Kada Kowa Ya Motsa

Ya hura wa gilashin kyamarar iskar bakinsa, ya bari hazon ya kwanta, sannan ya bi shi da ƙyallen nan mai ruwan ƙwai, zagaye uku dama, zagaye uku hagu. Daga nan ya danna maɓallin sau ɗaya don ya ji ƙarar nan, ƙyas, wadda ke gaya masa cewa kyamara ta kwana lafiya. Haka yake yi kowace safiya shekara arba'in da ɗaya, kafin ya ce wa kowa ina kwana. Ya ɗaga gilashin ya duba a hasken ƙofa. Hazon na nan. Ya sake hurawa, ya sake gogewa, sai ya tuna abin da yake tunawa kowace safiya tun watanni biyar: hazon a idonsa yake.

Mai Hoto ake ce masa a layin, kuma ko shi sai ya yi tunani kafin ya tuna ɗaya sunan. Shagonsa taku huɗu ne a tsaye, taku uku a kwance. Akwai farin labule, da kujera marar jingina, da madubi da mataji, da almakashin da ba ya ara wa kowa. A jikin ƙusa kuma ga wata tsohuwar kwat da rabin mazan unguwar suka sa suka nemi aiki, ƙato da siriri, ta karɓe su duka ba ta taɓa ƙorafi ba. Hoton fasfo ne sana'arsa, kuma maganarsa a bakin aiki ba ta wuce uku: "Ɗaga haɓa. Rufe baki. Kada ka motsa."

Ta ukun nan ita ce abin mamaki. Ba ya ɗaga murya, amma in ya faɗe ta jariri yakan haɗiye kukansa, ɗan sanda ya manta da cewa shi ɗan sanda ne. An ce wata rana akuya ta leƙo shagon daidai lokacin, ta tsaya da ganye a baki har aka wanke hoton. Duk wanda ya tashi a unguwar ya taɓa zama a kujerar nan, don haka ko tari Mai Hoto ya yi a kasuwa sai ka ga kafaɗu suna miƙewa.

Mutum ɗaya ce muryar ba ta taɓa kamawa ba, ita ce matarsa. Guguwa yake kiranta, ita kuma tun suna da ƙuruciya take ce masa Tsoho, har sunan ya zo ya same shi. A ƙarƙashin gadonsu akwai kwalin takalmi cike da hotunanta, kuma babu ko ɗaya da za a nuna wa baƙo a ce ga ta. A wani rabin kunne ne da gefen ɗankwali. A wani hannu ne ya bazu kamar fiffike. A wani kujerar ce kawai, tas da ita, da wata inuwa tana fita ta gefe saboda an tuna da tukunya.

Da likita ya gaya masa cewa hasken da ya rage masa irin na la'asar ne, ba ya komawa azahar, Mai Hoto bai yi maganar shago ba. Ya dawo gida ya jawo kwalin ya zauna.

"Ina so in gan ki sau ɗaya, sosai, kafin abin ya rufe," ya ce.

"To ba ga ni ba? Kalle ni mana," in ji Guguwa daga bakin igiyar shanya. Kafin ya ɗago kai tana bakin famfo.

'Yarsu ce ta kawo maganin. Ta juya hotunan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Baba, ai kai ne ka yi ta kuskure. Mama ba hoton tsaye ba ce, fim ce." Ta rubuta sunansa a wani ajin koyon ɗaukar fim da ake yi ranar Asabar, a wani ɗaki saman shagon sayar da taya, inda ba a rubutu a allo, sai dai a miƙa maka kayan aiki a ce yi.

Su goma sha ɗaya ne a ajin, kyamara ɗaya, fitila biyu, da makirufo a kan doguwar sanda. Malamar sa'ar 'yarsa ce. Tana ganinsa ta miƙe tsaye ta gyara wuyan rigarta ba tare da ta san ta yi ba.

"Baba, kai ka ɗauki hotona na shiga firamare."

"Na tuna," ya ce. "Kin ƙifta ido."

Ranar farko aka ba shi kyamara saboda girmansa. Wasan mai sauƙi ne: wani direban bas, wanda ya shigo ajin don yana so ya yi fim ɗin da motoci ke bin juna, zai faɗo ɗaki a guje, wata nas kuma ta firgita ta yar da tire. Malama ta ce a fara. Direba ya banko ƙofa da gudu. Mai Hoto ya ga mutum yana rawa a cikin gilashinsa, abin da bai taɓa yarda da shi ba, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Kada ka motsa!"

Direba ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Nas ta ƙame da tire a karkace, kofin da ke kai ma sai da ya yi shawara kafin ya faɗi.

"Baba, fim fa ne," in ji Malama a hankali. "Motsin muke nema."

"Na sani, 'yata. Bakin ne bai sani ba."

Sau shida aka sake, sau shida Direba ya daskare, har ya ce gwiwarsa ba za ta iya na bakwai ba. Aka karɓi kyamarar aka ba Mai Hoto sandar makirufo. Ya riƙe ta cak, ko rawa ba ta yi, Malama ta yaba. Da aka saurari sautin, sai ga wata murya ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin hirar masoya tana cewa, "Ɗaga haɓa. Rufe baki." Aka mayar da shi wajen fitila, ya haske fuskar kowa fes kamar za a buga masa hatimi, har da ɓarawon da ya kamata ya ɓuya a duhu.

Nas ce ta gano inda baiwarsa take. Ana neman wanda zai yi gawa, ta ce a gwada Baba. Ya kwanta a kan tebur, ya haɗa hannuwa, ya ɗaga haɓa. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi yawo ya gaji ya tashi. Da aka ce an gama bai tashi ba, sai Nas ta zo da gaske ta kama wuyan hannunsa tana duban agogo. Tun daga ranar duk ɗalibin da ya rubuta labari sai an mutu a ciki. Asabar huɗu a jere Mai Hoto yana mutuwa: mota ta kaɗe shi, an sa masa guba, ya faɗo daga bene, sau ɗaya ma ba a faɗi dalili ba.

"Yau me ka koya?" Guguwa takan tambaye shi.

"Na rasu."

"Allah ya jiƙanka. Ɗaga ƙafarka in share."

A sati na bakwai Malama ta ba da aikin ƙarshe. Kowa zai tafi da kyamarar gida kwana ɗaya ya ɗauko fim na minti uku. Katin da ke ajiye hoton guda ɗaya ne tak, ɗan mitsitsi kamar farce, don haka da an kalli fim ɗin mutum a aji za a goge shi a ba na gaba. Ta nuna masa jan maɓallin: a danna sau ɗaya ta fara ɗauka, a sake dannawa ta tsaya, kuma in tana ɗauka wani jan ɗigo zai fito a ƙaramin allon. Mai Hoto ya gyaɗa kai. Bai gaya mata cewa shi da ganin ɗigo sun yi sallama tun watannin baya ba.

Da safe ya fito tsakar gida da kyamarar ajin. Ya hura mata iska, ya goge ta zagaye uku dama, zagaye uku hagu, ya danna maɓalli don ya ji lafiyarta. Ba ta ce ƙyas ba, ya sake hurawa ya goge. Ya ce a ransa kayan zamani ba su iya gaisuwa ba, ya kafa ta a kan ƙafafunta uku tana fuskantar kujerar da ya ɗauko daga shago. Sai da Guguwa ta gama abin da take yi, wato komai, sannan ta zo ta zauna cikin kayanta na fita.

"To, ga shi nan," ya ce, ya danna maɓalli. "Yi abinki."

Guguwa ta ɗaga haɓa, ta rufe baki, ta ƙame.

"Motsa mana!"

"Shekara arba'in kana roƙona in tsaya," ta ce ta gefen baki. "Yau na yi maka biyayya. Ɗauki."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce mata tukunya na ƙonewa. Ko gira ba ta ɗaga ba. Minti uku cur ta zauna kamar an sassaƙa ta, hawaye na taruwa a idonta saboda ƙin ƙiftawa. Daga inda yake tsaye ba ya ganin komai sai wani dogon hazo mai ɗankwali. Da lokaci ya cika ya sake danna maɓalli, ya juya baya ya zauna a bakin rijiya. Ya kashe Asabar bakwai, ya mutu sau huɗu, ya samo hoton fasfo mai tsawon minti uku.

Ranar kallo aka rufe tagogi da kwali, aka haska fim ɗin a jikin farin bango. Mai Hoto ya ja kujerarsa gaba har gwiwarsa na taɓa bangon.

Abin da ya fara fitowa ƙyalle ne mai ruwan ƙwai, sai ƙofar hancin mutum, ƙatuwa kamar bakin rijiya. Ajin ya fashe da dariya. Sai ƙasa, sai silifas ɗinsa, sai kujera babu kowa. Malama ta dafe goshi, don ta gane: dannawar gaisuwar nan ta safe ita ta kunna kyamarar. Lokacin da Baba ya zaci ya kunna, kashewa ya yi, lokacin da ya zaci ya kashe kuma ya kunna. Zaman minti ukun ko ƙyallinsa babu.

Sai ga Guguwa ta ratsa bangon da bokiti. Ta dawo da tsintsiya tana yi wa kaza faɗa kamar 'yar da ta haifa. Ta zauna, ta tashi, ta ɗaura ɗankwali tana tafiya, ta ɗanɗana wani abu a ludayi ta yamutsa fuska. Hoton ya yi tsalle. Ga ta kuma a kujera, dariyar da ta danne minti uku ta ɓalle mata, tana dukan cinya, ɗankwalin ya zame, furfurarta ta sha rana. Ta share ido, ta dubi wajen rijiya inda mijinta ya juya baya, dariyar ta ragu. Ta taso ta matso har fuskarta ta cika bangon daga sama zuwa ƙasa, da wushiryarta, da ɗan tabon da ke gefen girarta, da duk layukan da shekaru suka rubuta a gefen idonta. Ta hura wa gilashin iska, ta goge da bakin zanenta.

"Tsoho," ta ce ƙasa-ƙasa, "kana ganina kuwa a cikin abin nan?"

Yana ganinta. Fuska mai girman bango ta fi ƙarfin hazonsa. Har tabon ya gani, wanda ya manta a wane gefe yake.

Aka buɗe taga. Malama ta yi gyaran murya, ta ce cikin ladabi an yi ƙoƙari, sai dai minti goma sha tara ne, kan mutum ya fita daga hoton sau da yawa, kuma babu labari. "Ba komai, Baba. Za mu goge, in kowa ya gama ka sake."

"A goge da sauri, Malama," in ji Direba. "Na riga na yi magana da masu motoci biyu."

Malama ta juya wajen kwamfuta, yatsanta ya nufi maɓalli.

Mai Hoto ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Kada kowa ya motsa."

Yatsan Malama ya tsaya a iska. Direba ya ƙame da baki a buɗe, Nas da hannu a cikin jaka, wani a baya da rabin hamma. Mutum goma sha ɗaya da suka taɓa zama a gaban farin labule suka miƙe kafaɗu lokaci guda. Fankar sama ce kawai ta ci gaba da juyawa, ita ma a hankali, kamar mai jin kunya.

Ya lalubi gefen kwamfutar da yatsa har ya taɓo katin, ya zare shi, ya naɗe a ƙyallen mai ruwan ƙwai, ya cusa a ƙarƙashin hularsa.

"Gobe 'yata za ta kawo miki wani katin," ya ce wa Malama. "Yau ba ki ƙifta ba. Madalla."

Da zai wuce ta gaban Direba ya sa yatsa biyu ya ɗaga masa haɓa, ya rufe masa baki. Sannan ya dafa bango, ya nemo ƙofa, ya fita yana ƙirga matakala da ƙafa, hannu ɗaya dafe da hula, ya manta bai ce musu an gama ba.