Maɗin Nunu

Shekarar da anka kawo ni Illela daga Lafani, tun Nasara ba su shigo ƙasa ba, abin da ya fara kwanta mani a rai gidan miji shi ne iccen ɗanya da ke bayan rumbu. Gab da damina yakan zubo da nunu, 'ya'ya ƙanana rawaya, tsami da zaƙi a gauraye, ƙamshinsu kaɗai ya isa ya tara maka yawu.

Na tsinto kwando guda, na ɓare, na matse cikin tulu. Sai hidimar gida ta ɗauke mani hankali kwana uku, ga zafin bazara. Ran na huɗu surukata ta buɗe tulun, ta iske kumfa har wuya.

"Ke ɗiyar ga, mi kika aje muna? Gidan malamai za ki maishe gidan giya?"

Magana ta kai zaure. Surukina malami ne mai tsantseni. Bai yi faɗa ba, ya dai aiko cewa a sare iccen.

Ni ba ni iya tsayawa gabansa, sai na bi ta wajen surukata. Na ce, "Inna, ki roƙar mani Baba. Kakata na dafa ruwan nunu ya koma maɗi, har ya shekara bai tashi ba."

"Shekara? Ke da kika kasa tsaron tulu kwana ukku?"

Ta dai tafi. Ta dawo da sharaɗi: in dafa, a liƙe, a aje ɗakin littattafansa kwana goma. In ya yi kumfa ko wari, gatari zai yi aikinsa.

Na tace ruwan, na zuba a sabuwar tukunya wadda ba ta taɓa ganin miya ba. Na tsoma kara, na yi masa tsaga uku daidai da zurfin ruwan, yadda na ga kakata na yi. Tun hantsi nake iza wuta ina kwashe kumfa, hayaƙi na cin idona, sai bayan la'asar ruwan ya sauka tsagar ƙasa. Ya yi ja, ya yi kauri, yana bin ludayi kamar zuma. Na juye a ƙaramin tulu, na liƙe bakin da laka.

Kwana goman nan ko tuwo ban ji daɗinsa ba.

Da ranar ta zo na durƙusa bayan asabari. Na ji surukina ya fasa lakar. Can ya ce wa Inna, "Tambaye ta, nawa wuta ta ci?"

Na miƙa karan ta ƙarƙashin asabari. Ya duba tsagogin da inda jan maɗin ya tsaya, sai na ji dariyarsa, wadda ban taɓa ji ba.

"Kashi biyu sun tahi, ɗaya ya saura. Haka yake ga littahi, ya halatta. Wa ya karantar da kakarta?"

Inna ta ce, "Wane karatu, Malam? Daddawa take yi."

Ya ce a bar icce inda Allah ya tsirar da shi, kuma a zuba masa ludayi guda cikin fura.

Kafin nunu ya ƙare na cika tulu bakwai. Matan Fulani masu kawo nono sunka riƙa ba ni man shanu ina ba su maɗi. Matan unguwa kuwa kowace da karanta take zuwa, wai sai ni zan yi mata tsagar da hannuna.