Abin da Muka Ɓoye wa Inna

Inna kitso take yi a Lakwaya, kuma kafin bakinta ya lalace, layi ake kamawa a tsakar gidanmu ranar jajiberin salla. Tun tana budurwa take cin goro da furen taba, haƙoranta jawur, ado ne a zamaninsu. Da safe ta dirje su da gawayi da gishiri, ta tofar da jini, ta ce ai dattin ne ke fita.

To, mai kitso a kan mutum take sunkuyawa. Kanki na bisa cinyarta, numfashinta na sauka a fuskarki awa biyu cur. Da dasashinta ya fara ruɓewa, wallahi ko ni da ta haifa sai na riƙa ɗauke numfashi.

Mata suka fara zamewa. Wannan ta ce kanta ke ciwo, waccan ta ce maigida ya hana fita. Munafukai! Washegari ka gan su da sabon shuku daga wata unguwa. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba wadda ta ja ta gefe. Sai dai wa zan zaga? Ni ma ban faɗa ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa, hira ba ta haɗa mu. Ta ina zan fara ce wa uwata bakinta na wari? Na sayo buroshi da man goge baki a Gwarzo na ajiye mata a bakin gado. Ta sa albarka, ta adana su cikin kwalla, wai sai an yi baƙi.

Ita duk a zatonta asiri aka yi mata. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta daina gaisawa da maƙwabciyarmu ta shekara talatin. Wata rana sai ta zauna da tsinken kitso a hannu tana duban ƙofa har la'asar. Ina kallo, na ja bakina na yi shiru, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Sai da kuncinta ya kumbura muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar, wata 'yar Filato, ta leƙa bakin, ta ce ba kwana-kwana, "Mama, wannan warin ya daɗe. Ba wanda ya gaya miki a gida?"

Aka cire wa Inna haƙora huɗu. A hanyar komawa, tana cije da auduga, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Ke ma kina ji?"

Na ce, "E, Inna."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu."

Ta gyaɗa kai kawai.

Bakin ya warke sarai. Mata biyu-uku suka dawo, ta ce musu hannunta ya gaji. Shekara shida ta ƙara a duniya, kuma duk sanda za ta yi mini magana, sai ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta.