Wandon da ya sauke ni daga limanci

Shekarar da na shiga ƙwadagon yankan dawa a gonakin Bungudu, wando uku na kashe tun kaka ba ta yi rabi ba. Irin namu ne na yadi, mai zariya. Kututturen kara ya yage shi nan, ƙarangiya ta cika shi can, matata tana tsincewa tana mita. Na gaji. Na shiga Gusau wurin masu gwanjo, na ce a ba ni wando mai jure daji.

Mai gwanjon ya zaro wani ruwan ƙasa, aljihu shida, yadinsa na ƙara kamar leda in ka murza. Wai na masu hawan dutse ne a Turai. Tsakiyar kasuwa ce, ba wurin gwadawa, sai aka yi yadda kowa ke yi. Ya ɓalla maɓallin, ya zagaya mini ƙugun wandon a wuya, baki biyu suka haɗu a ƙeya.

"Naka na, Baba. Awa don kai anka ɗinka shi."

A tsaye kam ba laifi, ƙaya ba ta kama shi. Amma yadin ba ya shan gumi, kafin rana ta take cinyoyina sun jiƙe sharkaf. Hantsarsa gajera ce, ƙugun ba ya kaiwa cibiya, can ƙasa yake maƙalewa. Ga zif. Wanda ya ƙirƙiro zif a tsaye yake fitsari, ba shakka. Mu da ke tsugunawa sai ka ɓalle, ka zuge, ka sauke wandon gaba ɗaya, ga buta a hannu.

Mu takwas ne a gonar, ni ne babba, don haka ni ke jan sallar azahar a gindin tsamiya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma ɗan abin da na sani na riƙe shi da kyau, kuma shi kaɗai ke sa a ce mini Malam a gonar mutane.

Rana ta uku da sa wandon, na yi ruku'u sai na ji ƙugun ya zame ta baya. Rigar aiki kuwa 'yar shara ce, ba ta rufe komai. Na ji iska inda bai kamata ba. Da na kai goshi ƙasa, zif ya fashe, maɓallin ya yi tsalle. Hannu ɗaya a ƙugu na ƙarasa raka'o'in.

Ina sallamewa wani mutumin 'Yandoto, kusan sa'ana, ya ce, "Malam, sallag ga ta yi kuwa? Mun ga abin da ba mu zo gani ba."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce a sake ta. Aka sake, a bayan mutumin 'Yandoton, ni ina gefe ina ɗaure wando da igiyar dami.

Ranar Juma'a na kai shi wurin tela a Tudun Wada. Na ce ya cire zif, ya ƙara ƙyalle a hantsa, ya ɗaga ƙugun, ya sa zariya.

"Baba, wanga yadi santsi garai, ba ya son allura. Ka sai sabo mana."

"Kai dai yi abin da nac ce."

Ya yi, da ragowar shadda shuɗiya. A ɗaki na gwada ruku'u sau biyar, na sa matata ta duba ta baya. Ta ce ba a ganin komai.

Asabar da azahar na yi alwala da wuri, na nufi gaban sahu. Na tarar mutumin 'Yandoto ya riga ya tsaya a wurin.

"Huta dai, Malam," in ji shi.

"An gyara shi fa. Ku duba."

Ba wanda ya duba. Mai iƙama ya tada salla, na koma ƙarshen sahu. A nan na ƙare kakar. Bana ma da aka sake kiran mu aikin, mutumin 'Yandoton ne dai a gaba.