Tsinkayen Gwaggo a bayan dam

Ina cikin bus, a hawa na sama, sakamakon jarrabawata ya shigo waya. Na ci, kuma ci ba na wasa ba, har sun ce in wuce masters kai tsaye. Kafin mu kai bus stop na gaba na riga na watsa a group shida, na ɗora a status, na yi wa Mama voice note a Kano wanda rabinsa ihu ne kawai. Wani tsohon Bature a gefena sai kallona yake, ni ko a jikina.

Da wannan rawar kan na shiga gida, sai na tarar da Gwaggo, yayar babana, zaune a falo da takarda a cinya da tabarau a kan hanci. A wajenta nake zaune tun shigowata Landan, flat ne na ƙasa, ɗaki biyu, ɗaya nata ɗaya nawa. Sunan mahaifiyarta aka sa min, shi ya sa Uwata take ce min.

"Gwaggo na ci!"

"Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. Uwata, zo ki karanta min wannan a hankali. Ban yarda da ita ba."

Daga council ce, wato ƙaramar hukumar unguwarmu. A bayan layinmu akwai park, a cikinsa akwai wani ɗan tafki na agwagi inda tsofaffi ke zama kamun kifi su sake mayar da shi ruwa. Shekara uku ina wuce shi ban taɓa sanin dam ne ba. Ashe tudun ciyawar nan da muke hawa mu ɗauki hoto shi ne ke tare ruwan, gidajenmu kuma suna ƙasansa. Takardar ta ce an sa shi a rukunin farko, wato na dam ɗin da mutane ke kwana a ƙarƙashinsa, amma an duba, lafiyarsa lau, kuma injiniya zai dawo nan da wata guda.

"Kin ji ai, lafiyarsa lau," na ce.

"In lafiyarsa lau, me ya sa suka rubuto? Kin taɓa ganin asibiti sun aiko wa mai lafiya takarda?"

Gwaggo a ƙauyen bakin dam ta tashi, kuma sau ɗaya ruwa ya taɓa shigar musu gida bayan an gama ce musu babu komai. A ranar ta kira Yaya, babban ɗanta da ke unguwar Barking. Shi kuma dama nema yake, ya ce ta taho kawai, ɗakin yara yana nan. Ɗaki ɗaya fa. Ba wanda ya ambace ni. Ina kicin ina jinsu, murnar ta bi iska. In Gwaggo ta saki flat ɗin nan ba ni da wajen kwana a garin nan, masters kuwa sai dai in ganshi a mafarki. Da ƙyar na samu ta yarda ta jira zuwan injiniya.

Bayan kwana biyu na lura da wani abu. Kullum da hantsi sai ta zura hijabi ta fita da leda, ita da ko shagon ƙarshen layi ni take aika. Almakashin kicin ya ɓace. Takalminta na dawowa da laka. Na tambaye ta, ta ce motsa jiki likita ya ce ta yi. Gwaggo da motsa jiki? Na ce tab, akwai magana. Har na fara zargin ko ofishin council take zuwa ta mayar da makulli a ɓoye.

Ran Alhamis na bi ta daga nesa, waya a hannu ina ɗaukar bidiyo kamar 'yar leƙen asiri. Ta shiga park, ta tsaya gindin bishiyar nan mai rassa har cikin ruwa, ta waiga hagu da dama, ta datsi tsinkaye ta zuba a leda. Sai ta zagaya bayan tudun, ɓangaren da ke kallon gidajenmu, ta durƙusa.

"Gwaggo! Me kike yi?"

"Ke, rage murya. Zo ki taɓa nan."

Na taɓa. Ƙasar da danshi, ciyawar wajen ta fi sauran kore, faɗinta kamar tabarma. Ta riga ta kakkafa tsinkaye a jere daidai inda danshin ya tsaya, yau cike giɓin layin take yi.

"Haka babanmu ke yi a fadama. Ka kafa tsinke a bakin laima. In ka dawo ka tarar laima ta wuce tsinke, to ruwa tafiya yake ta ƙarƙashi. Sati guda ba a yi ruwan sama ba, wannan daga ina ya fito?"

"Ƙila kare ne."

"Karen gidanku."

Yatsana har ya kai kan status, na riga na rubuta "Gwaggo ta zama injiniya" da fuskar dariya uku. Ta ce in na kuskura na watsa ta a duniya sai ta jefa wa agwagi wayar. Na goge.

Haka aka yi ta yi har wata ya cika. Ni kuwa kullum addu'ata injiniyan nan ya zo ya yi mata Turanci mai sanyi, ya ce drama ce kawai, a wuce wajen.

Ranar da aka sa muka je tun da safe muka zauna a benci kamar masu shan iska. Ashe injiniyar mace ce, doguwa, da takalmin roba da riga mai ruwan ɗorawa, mai gadin park na biye da ita. Ta bi saman tudun tana rubutu, ta leƙa inda ruwa ke fita, ta sauko baya. Sai ta tsaya cak.

Ni ma sai a lokacin na gani sosai. Tsinkayen Gwaggo sun yi ganye. Wallahi sun tsiro, layi uku, kore shar, kamar gonar gwaji. Ashe irin bishiyar nan ko reshenta ka soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa kamawa yake.

Injiniyar ta tambayi mai gadi wa ya shuka wannan. Ya ce shi ma sati biyu yana fakon mai yi, ya ɗauka ma wani tsafi ne, har ya rubuta rahoto. Ta ce saiwar bishiya ita ce babbar abokiyar gabar dam, tana huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, wanda ya yi wannan laifi ya yi. Na ja hijabin Gwaggo na ce mu gudu. Ina! Ta riga ta miƙe.

"Gaya mata ni ce."

"Gwaggo za su kira 'yan sanda fa."

"Su kira. Gaya mata, kuma kar ki rage min magana, ina jin Turanci, mayarwa ce ba na so."

Na zama tafinta. Gwaggo ta nuna layin farko ta ce ran da takarda ta zo ne. Na biyu bayan kwana goma. Na uku bayan wasu kwana goman. Ta buɗe hannu ta auna tsakaninsu, taƙi ɗaya, taƙi biyu, danshin ma ya ɗan gota na ukun. Injiniyar ta dube ta, ta dube ni, irin kallon nan na ko mun haɗa baki ne don a canza mana gida. Ta tambaya wa zai tabbatar da kwanakin. Nan wayata ta yi rana. Status ɗin na goge, amma bidiyon ran Alhamis ɗin nan yana nan da kwanan wata a jikinsa, layi ɗaya tal.

Ta kalla sau biyu. Ta durƙusa ta tura yatsa a ƙasa, ta ciro awo, ta yi hotuna, ta koma gefe tana waya ƙasa-ƙasa. Ni dai ba haka na shirya ba. Ina jira ta ƙaryata Gwaggo, ga ta tana gyaɗa kai.

Da ta dawo ta ce mai yiwuwa magudanar da ke gindin tudun ce ta toshe, mai yiwuwa kuma wani abu ne, ba za ta ce ba sai an tona. Za a rage ruwan tafkin a satin. Ta tuge tsinkayen ɗaya bayan ɗaya ta kafa turakun roba ja a gurbinsu, ta roƙi Gwaggo kar ta sake soka komai a wajen. Gwaggo ta ce a tambaye ta rukuni na nawa za ta rubuta yanzu. Ta ce rukuni yana nan yadda yake, "lafiya lau" ɗin ce za ta jira tukuna.

Muka kama hanyar gida. Ina lissafin ƙawayen da za su iya ba ni kujera in kwana. Muna shiga Yaya ya kira, ta sa a speaker, ta zayyana masa komai.

"To kin gani, Hajiya. Ran Asabar zan zo da mota."

"Ka zo da mota ka ɗauki wa?"

"Ke mana."

"In tafi in bar musu? Wata guda mai gadin nan yana wuce laima, tsinke kawai ya gani. Matar ma ban gama yarda da ita ba, ta cika waya a gefe. Akwai masu jarirai a layin nan. Ba inda za ni sai na ga abin da suka tono."

Ta kashe ta juyo kaina.

"Ke kuma daina washe baki. Gwiwata ta gaji da tudun nan. Daga gobe kafin ki tafi makaranta za ki je ki ɗauko min hoton turakun, ki sa hannunki a gefe in ga taƙin. Ni kaɗai za ki turo wa."

"Ko ruwa ake yi?"

"Musamman ma in ana ruwa."