Ranar da Kaka Ta Kashe Wutarta

Hayaƙin kara ne ya tayar mini da wannan zance. Da safen nan maƙwabciyarmu ta hura wuta da karan gero, iska ta kawo ƙamshin har ɗakina, daidai lokacin da rediyon ɗana yake cewa ana son talakawa su kawo shawara kan gyaran kundin tsarin mulki. Sai na ji hawaye sun sauko mini, don da mai gidana yana da rai, da ya leƙo ya faɗi abin da ya saba faɗi. Na kira jikata na ce ta ɗauko alƙalami. Ni ban iya rubutu ba, ko a allo ban yi nisa ba, amma bakina bai mutu ba. Kai mai karantawa, ka yi haƙuri da tsohuwa, za ni bi da kai ta doguwar hanya.

An haife ni a wani ɗan ƙauye kusa da Gatawa. A zamanin ƙuruciyarmu ashana sai gidan mai gari da na fatake, su ma ba kullum ba. Wuta ɗibarta ake yi. Da hantsi sai ka ga yara mata sun fito da tsingaro a hannu, suna tare iska da gefen zane, kowace ta nufi gidan da hayaƙi ya tashi. A unguwarmu gidan nan namu ne. Kakata, mahaifiyar babana, ita ce ungozomar gari, kuma wutarta ba ta mutuwa. Takan binne garwashi cikin toka da busasshen kashin shanu, da safe ta tona ta same shi ja kamar gauta. Wadda duk tata ta mutu, wurin Kaka za ta zo.

Ɗibar wuta tana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Ba a hana wuta, ko da kuna gaba. Ba a godiyarta. Baƙo kuwa kai masa ake yi, ba a ɗiba a wurinsa. Ranar da aka je murhunsa da tsingaro, ya tashi daga baƙo ya zama maƙwabci, kuma babu mai bakin da zai ce masa tashi.

Sai shekarun fari suka zo. Ina da wayo lokacin, na isa ɗaukar tulu. Hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, mu fito muna murna, iska ta watse shi. Gero ya fito ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Gulbi ya zama rairayi. Muka koma cin tafasa da dilo, wato 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su an yi ta sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Har yau in na tuna ina jin ɗacin a bayan harshena. Amma kada ka ɗauka kullum kuka muke yi. Mukan yi gaɗa, mukan yi dariya, Kaka takan raba mana ɗan abin da ke akwai tana zolayarmu cewa cikin yaro ba shi da ƙasa.

A cikin farin nan mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, daga hayin iyaka. Tsofaffinmu ba su cewa Nijar, Faransa suke cewa. Mafi yawa sun wuce kudu, kaɗan suka tsaya. Cikin waɗanda suka tsaya akwai wata mata da ɗanta, yaro dogo mai manyan idanu, ya ɗan girme ni. Mijinta ya kora sauran shanunsu neman ciyawa, bai dawo ba. Suka kafa bukkar kara a bayan dangarmu. Zanen da ke kumatunta irin na Kaka ne sak, na Gobirawa, kuma Hausarta tamu ce. Ni aka aika na kai mata wuta ranar farko. Ta riƙe wutar nan da kyau, ba ta bari ta mutu ba, don kunyar ta zo nema.

Suka ga rani, suka ga wata daminar da ba ta yi kirki ba, suna nan. Ruwan rijiya ya yi ƙasa har sai an ƙara igiya, guga ta fito da laka. Nan gunaguni ya fara. Babban mai maganar shi ne Baffana, yayan babana. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Ɗiyarsa ƙarama ta rasu a farin nan, kuma tun daga ranar duk wanda ya gani bakin rijiya sai ya ga kamar rabon 'ya'yansa yake ja. Yana cewa kafin ruwa ya sauka a raba gonaki, baƙi su koma ƙasarsu.

Ana haka mai shela ya zaga gari. Wai sojoji za su mayar da mulki ga farar hula, za a rubuta sabon tsarin mulki, kuma an ce kowa ya faɗi abin da yake so a sa. Malamin makarantar boko zai zo daga Sabon Birni ranar kasuwa ya rubuta. Kaka tana tsince dilo ta ɗago kai ta tambayi babana wane tsari ake nufi, na malamai da ake ratayawa ko na daji mai wutsiya. Ta ce in na daji ne gwamnati ta aiko muna da shi, ga yara nan sun ƙare na jejinmu da farauta. Babana ya yi dariya har da tari. Ya ce mata magana ce ake rubutawa a kundi, wadda ko shugaban ƙasa ba ya tsallake ta. A ciki ake faɗin wane ne ɗan ƙasa, da abin da ba a yi masa.

Kaka ta riga ta ji abin da Baffa ke shirin faɗi a gaban malamin: a rubuta cewa wanda aka haifa hayin iyaka ba shi da rabo a ruwa ko gona. Kowa ya san in ya faɗe ta a bainar jama'a aka yi na'am, mai gari ba shi da zaɓi, matar nan da ɗanta sai su naɗe tabarma. Su kuwa babu inda za su, garinsu ko kaza ba ta saura ba.

Ranar kasuwa da safe na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaka ta tona tokarta, ga garwashi ja. Ta ɗauki ƙwaryar ruwan ɗacin dilo, wanda dama zubarwa ake yi, ta kwara a kai. Murhun ya yi tsuwa, farin hayaƙi ya tashi. Na tsaya baki buɗe. Ta koma ta zauna, har mata suka fara taruwa a tsakar gida da tsingarayensu. Ta ce musu yau tata ta mutu. Na miƙa hannu in karɓi tsingaro, tunda aikina ne, ta buge hannun. Ta dogara sandarta ta fita da kanta, ta zaga bayan danga, matan suna kallo.

Na bi ta. Matar tana durƙushe bakin murhunta. Da ta ga abin da ke hannun Kaka sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kaka ta ce, "Ɗiyata, bar kuka. Wuta na zo ɗiba, ba gaisuwar mutuwa ba." Yaron ne ya zuba mata garwashin. Ta juyo ba ta yi godiya ba.

Ta hura murhunta da wutar nan, mata suka ɗiba ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ga inda ta fito. Babu wadda ta mayar da tsingaronta wofi. Matar Baffa ce ta ƙarshe. Ta daɗe tsaye, ta dubi Kaka, sannan ta sunkuya ta ɗiba. Uwargidan mai gari ma ranar ba ta taɓa ashanarta ba, 'yarta ta aiko.

Da rana ta ɗaga malamin ya iso a kan keke, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin gawo. Mutum ne mai haƙuri, duk abin da aka faɗa sai ya rubuta. Mu yara muna leƙe ta ramin danga. Wani Bafillace ya ce a sa cewa burtali ba ya zama gona. Wani falke ya yi ta ƙorafin yadda ake sauke masa jakuna a iyaka, wai gishirin da kakansa ya yi fatauci a hanyar nan shi ne yau ake tambayarsa takarda. Wani tsoho kurma ya ce a rubuta ruwa ya riƙa sauka kan lokaci. Malamin ya ce kundin ruwan sama ba a hannun soja yake ba, aka yi dariya. Sannan Baffa ya faɗi tasa, kuma na ga kawuna da yawa suna gyaɗawa.

Mata ba su zuwa irin wannan zama, amma Kaka ta wuce shekarun da za a hana ta. Ta iso tana dogara sanda, aka buɗa mata. Ba ta zauna ba. Ta tambayi Baffa ko ya karya kumallo, ya ce ya sha kunu. Ta tambayi mai gari, wanda ita ta yanke masa cibiya, shi ma ya ce ya sha. Ta bi mazan nan da ido.

"To, wutar da ta dafa kunun kowa yau, daga murhun baƙuwagga ta fito. Ni na ɗebo da hannuna. Wanda bai sha ba ya tashi ya kore ta."

Babu wanda ya motsa. Baffa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Inna, wutarki ba ta mutuwa." Ta ce, "Yau ta mutu. Kai ma da na haife ka ban tambaye ka daga wace ƙasa ka fito ba."

Malamin ya tambaye ta ko tana da abin da za a rubuta. Ta ce ya sa cewa wanda aka ɗebi wuta a murhunsa ɗan ƙasa ne, ba a ce masa tashi. Ya rubuta, ya karanta mata, ta sa ya sake karantawa don kada ya rage. Baffa ya ce wa malamin ya shafe tasa. Da ruwa ya sauka, mai gari ya yanka wa matar gona a gefen ta Kaka, kuma Baffa ne ya ara wa yaron hauya.

Yaron nan shi ne mai gidana. Tare muka tsufa. Ina kiransa Bafaranshe in ina son tsokanarsa, shi kuma ya ce in yi a hankali, da wutar gidansu aka yi mini kunun da na girma. Ya sha tambayar 'yan boko ko maganar Kaka ta shiga kundin, suka ce ba su gan ta ba. Bai damu ba. Duk lokacin da rediyo ya ce za a gyara tsarin mulki, sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Wataƙila bana za su sa ta Kaka." Abin da na jira in ji da safen nan ke nan, ban ji ba. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi. Yana kwance a gefen mahaifiyarsa, a garin da aka so korarsu, kuma ban ɓoye maka ba, har yau in na dama fura sai na zuba ta mutum biyu.

Bayan rasuwarsa 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Muka gudu da abin da ke jikinmu, hanyar da ta buɗe mana kuwa ita ce ta arewa. Na tsallaka iyakar nan da tsufana, na sauka a garin su surukata, mahaifiyar mai gidana, wanda mutane suka koma bayan fari, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Suka kafa mana bukka a bayan wata danga, aka kawo mana wuta. Na zauna bakin murhun ina tunanin ashe haka matar nan ta ji, kowace sallama sai gabanka ya faɗi.

Ba a daɗe ba, wata safiya, wata tsohuwa ta yi sallama. 'Yar ƙanen surukata ce, ta ji labarin wutar Kaka daga bakinta lokacin da take zuwa ganin gida. Tana riƙe da tsingaro. Ta ce tata ta mutu. Da ta sunkuya na ga kwalin ashana ƙulle a bakin zanenta. Ta ga na gani. Na zuba mata garwashi, ta juya ta tafi ba ta yi godiya ba.

Damina guda muka yi a can, sannan ɗana ya dawo da ni nan Sabon Birni. Ina cikin rufin asiri, alhamdu lillahi, jikoki suna hawa kaina suna sauka. Matar ɗana yanzu murɗa wani abu take yi wuta ta kama, kowane gida da tasa, ba mai shiga gidan wani da tsingaro. Ban ce abin ba shi da daɗi ba, hayaƙi ya cinye mini ido ɗaya. Sai dai ina tambayar kaina, in baƙo ya sauka yau, da mi za a je a ɗiba a wurinsa?

Jikata ta ce in an gama za ta aika inda rediyo ya ce. Na ce ta rubuta ta Kaka yadda take, kada ta gyara mata Hausa, kuma ta karanta mini sau biyu. Wataƙila bana.