Babban Faifai a Ƙaramin Babur

A rumfar Rabo bakanike, bakin kasuwar Ƙanƙara, wani dattijo na tsugune gaban ƙaramin baburinsa, irin mai bel ɗin nan da ba a sa wa giya. Gemunsa duk furfura, takalminsa ya sha ɗinki. A bayan babur an ɗaure akwatin sanyi na masu allurar rigakafi. Ina jin ma'aikacin asibitin ƙauye ne, wanda mata ke jira da goyo.

Rabo ya kwance faifan da ke juya bel, yana gwada wanda ya fi shi faɗi. Sabon faifan ya ƙi shiga, sai ya ɗauko magagari yana rage murfin injin. Dattijon na cije baki, kamar haƙorinsa ake gogewa.

"Malam, zai ƙara gudu," in ji Rabo, "amma birkin nan ba na wannan gudun ba ne."

"Ɗaura kawai. Mi zan yi da birki? Tsakanin nan da Pauwa, wa ka ga yana tsayawa?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni kam raina ya ɓaci, amma ba da shi ba. Mutumin da aikinsa ɗiga magani a bakin jarirai ne, shi ake gyara wa babur don ya tsere wa 'yan bindiga. Wannan faifan ne duk tsaron da yake da shi a hanya, shi ma a aljihunsa ya zo da abinsa.